Yamaha FG800 ko Martin D-28: wacce ta dace da mai kaɗa jita don nishaɗi a Kumasi?

Akwai maganar da ake yawan ji duk inda masu son jita suka haɗu, daga shagunan kayan kiɗa na Adum har majalisar ataya a Aboabo da Asawase: wai wanda hannunsa bai faɗa ba, bai cancanci jita mai tsada ba. Sai ka ga mutum ya tara kuɗinsa na halal, ransa yana kan Martin, amma kunya ta hana shi saye don kodi (haɗin sautin tsirkiyoyi da ake kaɗawa tare) huɗu ko biyar kawai ya iya. Wani kuma ya ci bashi ya sayo, yana zaton tsadar za ta gyara masa yatsu. A ganinmu duka biyun sun kama tambayar ta wutsiya. Abin da ya kamata ya yanke hukunci a garin nan shi ne ɗakin da jitar za ta zauna, da wanda zai gyara ta idan ta motsa, da ko kuɗin ya fita daga haƙƙin iyali. Iyawa tana zuwa daga baya.

Mu ɗauki jita biyu masu ƙira ɗaya, wato babban cikin nan da ake kira diretnot, mu ajiye su gefe da gefe.

Yamaha FG800 ta fito a 2016, daga zuriyar FG da kamfanin ya fara a 1966. Fuskarta katakon sifurus ne zalla, ba falle-fallen da aka manne ba. Baya da gefuna kuwa falle-falle ne na nato ko okume. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kai (matokarinta a ƙarshen wuya) zuwa ƙashin jaki (matokarinta a kan jaki, katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuska) milimita 650 ne, faɗin wuya a wajen kai milimita 43. Ƙasusuwan biyu na roba ne mai tauri. A Amurka farashinta bai kai dala 300 ba. A nan sai ka ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai shago, kuma farashin sidi yana tafiya da dala, don haka ka tambayi shago biyu ko uku a mako ɗaya kafin ka yanke.

Martin D-28 tun 1931 ake yin ta, a garin Nazareth na jihar Pennsylvania, a kamfanin da aka kafa a 1833. Komai nata katako ne zalla: fuska sifurus, baya da gefuna rozwud na Indiya, allon yatsu da jaki na eboni, ƙasusuwa na ƙashi na gaske. Sabuwarta ta haura dala 3,000. Kuɗin D-28 ɗaya zai sayi FG800 fiye da goma.

Shin sautinta ya fi sau goma? A'a. Amma ya fi, kuma kada wani ya ce maka bambancin na tunani ne kawai. Idan ka kaɗa tsirkiya mai kauri a D-28, sautin yana fitowa da kauri, ya daɗe yana shawagi kafin ya mutu, kuma kowace tsirkiya cikin kodin tana jin kanta daban. Idan ka taɓa a hankali ta amsa a hankali, idan ka buga da ƙarfi ta ƙara murya ba tare da ta shaƙe ba. FG800 tana da murya mai tsabta da ƙarfi daidai gwargwado, tsakiyarta a fili take, sai dai idan ka matsa mata da bugu za ka ji ta kai iyaka, kuma ƙasanta bai da zurfin na Martin. Wannan bambancin ko ɗan koyo yana jinsa. Kodin G guda ɗaya da ya iya zai fi daɗi a kunnensa. Shi ya sa maganar "bai cancanta ba" ba ta da tushe: kunne ba ya jiran yatsu su ƙware kafin ya ji daɗi.

Inda tsada ba ta taimaka ba shi ne sauƙin kaɗawa, kuma nan ne aka fi yaudarar masu saye. Abin da ke sa jita ta yi laushi a hannu shi ne saiti, kuma ana iya yi wa FG800 saitin da zai sa ta fi D-28 da aka bari a banza daɗin dannawa. Ga yadda ake dubawa, tun a cikin shago.

Fara da lanƙwasar wuya. Ɗaure kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na 1 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuya, ana ƙirga su daga kai), danna tsirkiya mai kauri a firet na 14, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiyar da kan firet na 7. Ana son milimita 0.2 zuwa 0.3, kamar kaurin katin talla na takarda. Fila-geji irin wanda makanikai ke gwada bawul da shi ya isa wannan aiki, kuma ba ya wuyar samu a Suame Magazine, unguwar makanikai. Idan ratar ta yi yawa, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki mai girman da ya dace, ana juyawa dama. Kada a wuce kwata na zagaye a lokaci guda. A sake ɗaure tsirkiyoyi daidai, a bar jitar ta huta sa'o'i kaɗan, sannan a sake aunawa. Idan sandar ta cije, a tsaya. Wanda ya tilasta mata zai cinye bakin noti ko ya karya ta, kuma gyaran karyayyar sanda a jita mai araha ya fi kuɗin jitar.

Sai tsayin tsirkiya a firet na 12, ba tare da an danna komai ba. Mai kauri ta tsaya kusan milimita 2.4, siririya kusan 1.8 zuwa 2. Idan babu rula mai milimita, katin banki marar tudun rubutu kaurinsa milimita 0.76 ne, guda uku a haɗe sun kai 2.3, don haka idan suka shige ƙarƙashin tsirkiya mai kauri suna ɗan gogarta, kana daidai. FG800 sau da yawa tana zuwa daga masana'anta da ɗan tsayi, kusa da milimita 3. Wannan ba aibu ba ne, an bar wa mai saye wurin ragewa ne. Ana ragewa daga ƙasan ƙashin jaki, ba daga samansa ba: a cire shi, a ja layi da fensir, a shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi, a goga a miƙe. Lissafin ninki biyu ne, wato don rage rabin milimita a firet na 12 sai an cire milimita ɗaya daga ƙashin. Idan ƙasan ya karkace ko ya yi ciki, ba zai zauna daram a raminsa ba, sauti zai ragu. A bar aƙalla milimita 2 na ƙashin a saman katakon jaki, don tsirkiya ta samu kusurwar da za ta danna fuska.

Ƙashin kai shi ne aka fi mantawa, kuma shi ke sa ɗan koyo ya tsani kodin F. Danna tsirkiya a firet na 3, ka duba firet na 1: ratar kada ta wuce kaurin takardar littafi. Idan ta fi haka, ramukan suna bukatar a zurfafa su da ƙananan magagarai na musamman. Wannan kam a kai wa wanda ya saba, domin idan rami ya zarce sai an sauya ƙashin gaba ɗaya. Daga ƙarshe a gwada kowace tsirkiya a sake, sannan a danne a firet na 12. Mashin ɗin tunin ya nuna harafi ɗaya ba tare da allura ta kauce sosai ba.

Tsirkiya ma tana da nata rabon. Saitin tsirkiya mai lamba 12-53 (lambobin na nuna kaurin siririya da na mai kauri), irin D'Addario EJ16, yana jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 da 'yan kai. Saitin 13-56 ya haura kilo 80. Saitin 10-47 yana wajen kilo 60. Ga ɗan koyo a wannan yanayi namu, 11-52 ko 10-47 sun fi tausayin yatsu da jaki, ko da murya za ta ɗan ragu. Zufa da laima suna cin tsirkiya da sauri a Kumasi. Mai rufi irin Elixir ta fi tsada amma ta fi daɗewa, kuma goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane zama ya fi duk wani mai da ake sayarwa amfani.

Da wannan saitin, da sauya ƙashin jaki na roba zuwa na ƙashi, FG800 ta zama kayan aikin da mutum zai shekara goma yana koyo a kai bai ƙure ta ba. Wannan shi ne babban yabon da za mu yi mata.

Yanzu ga maganar da masu sayarwa ba su cika ɗaukowa ba, kuma ita ce ta fi komai nauyi a garin nan. Kamfanonin da ke yin jita ta katako zalla, irin Martin da Taylor, suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Kumasi ba ta zama a nan. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, laima takan haura kashi 80. Idan hunturu ya sauko tsakanin Disamba da Fabrairu, da rana takan faɗi ƙasa da 40. Fuskar jita allo ne siriri, kaurinsa bai kai milimita 3 ba, faɗinsa kusan santimita 40, an manne shi ta kowane gefe. Yana shan ruwa daga iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma tsakanin damina da hunturu faɗin zai iya motsawa da milimita 2 zuwa 3. Tunda gefuna sun riƙe shi, ba shi da inda zai je sai sama ko ƙasa.

Da damina fuska takan yi tozo a bayan jaki, tsirkiyoyi su tashi, sauti ya dushe kamar an rufa mata bargo. Idan abin ya daɗe gam ya yi rauni, bayan jaki ya fara ɗagawa, sandunan da ke tallafe fuska daga ciki su saki, funfuna ta kama cikin akwati. Gwajin jaki mai sauƙi ne: zura gefen takarda a bayansa, idan ta shige, ya fara rabuwa, a sassauta tsirkiyoyi nan take. Da hunturu kuma akasin haka: fuska ta lotsa, tsirkiyoyi su sauko suna zizar firet, bakunan firet su fito suna yankar hannu don allon yatsu ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Daga nan sai tsagewa, galibi daga jaki zuwa gindi ko ta layin tsakiya inda aka haɗa alluna biyu. Jitar da ta sha ruwa wata takwas sannan hunturu ya same ta cikin kwana uku ita ce ta fi shiga haɗari.

A nan ne araha take da ranarta. Falle-fallen da aka manne a gicciye ba su motsi kamar katako zalla, don haka baya da gefunan FG800 ba su cika tsagewa ba. Fuskarta kaɗai ce abin lura. Yamaha F310, wadda har fuskarta falle-falle ce, ta fi su duka juriya, ita ce ta zuwa majalisa da shiga motar haya ta tirotiro, sai dai muryarta siririya ce kuma ba ta buɗewa da shekaru. D-28 kuwa ta ko'ina tana numfashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba wai ba za a iya riƙe Martin a Kumasi ba. Ana iyawa, da sharuɗɗa. Akwati mai tauri mai rufewa sosai, ba jakar yadi ba. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir a cikin akwatin, ana dubawa duk lokacin da aka buɗe. Da damina a sa ƙwayoyin silika masu shanye laima giram 50 zuwa 100 a jakar yadi, a wajen kai, kada su taɓa fenti. Idan sun ƙoshi a busar da su a tanda mai zafin digiri 120 na awa ɗaya ko biyu. Da hunturu a cire silika gaba ɗaya, a sa soso da aka jiƙa aka matse sosai cikin kwandon sabulu mai huji. Akwai fakitin Boveda da D'Addario masu aiki ta hanya biyu, suna sha suna kuma saki, amma a tsakiyar damina su kaɗai ba sa iya ɗaukar nauyin. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska yana taimakawa idan tana aiki a kai a kai. Idan dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya sa tana kunnuwa tana mutuwa, jitar da ke rataye a bango tana shan hawa da sauka sau da yawa a yini, gara ta zauna cikin akwati. Kada a jingina ta da bangon da ke tsatsafo, kada a bar ta a but ɗin mota da rana, domin gam yana laushi tun zafi bai kai digiri 70 ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Fentin D-28 na naitiroselulos ne, kuma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana narkar da shi. Hannun da aka shafa wa magani da magariba, idan ya kwanta a kafaɗar jitar, zai bar tabon da ba ya gogewa. Robar wasu sandunan ajiye jita ma tana cin wannan fenti, sai a naɗe wurin da ƙyallen auduga. Fentin FG800 ya fi jure waɗannan.

Dabarar da ta dace da duka biyun ita ce ƙashin jaki guda biyu: gajere na damina, mai ɗan tsayi da rabin milimita zuwa ɗaya na hunturu. Wanda ya yi saiti a Yuni ya rage ƙashi har ƙasa, a Janairu zai ji zizar da ba ta da magani sai sabon ƙashi.

Sai gyara. Duk jita mai tsirkiyar ƙarfe, da shekaru, wuyanta yana sunkuyowa gaba saboda ja. Ana ganewa da doguwar rula: a kwantar da ita kan firet a tura zuwa jaki, bakinta ya hau daidai saman katakon jakin. Idan ya tokari jikin jakin da milimita 2 ko fiye, kuma ƙashin ya riga ya ƙare, wuya na bukatar a cire a sake zaunar da shi. A D-28 wuyan an shige da shi ne cikin gurbi an manne, sai da tururi ake zare shi, aikin ƙwararre ne mai kayan aiki na musamman. Kafintocin Sokoban gwanaye ne a aikinsu, amma wannan sana'a ce daban, kuma gam mai kama ƙarfe ko sufa-gulu da aka zuba a jaki ko wuya yana lalata damar gyara na gaba. Kafin ka biya kuɗin Martin, ka fara samun wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, ka ga aikin da idonka. Taylor ta fi sauƙi a nan, don wuyanta da kusoshi ake ɗaure shi, kuma tun 1999 ana gyara kusurwa da 'yan siraran katako. Garantin Martin kuma na mai saye na farko ne daga dila mai izini, ba ya bin jita idan ta sauya hannu, kuma ba ya ɗaukar ɓarnar laima.

Wannan ya kawo mu ga kayan kwantena da ake kira hom-yus, da tallan shafukan intanet na Jiji da Tonaton. Ana samun alheri a ciki, ana kuma samun jabu. Martin ta gaske tana da lambar samfuri da lambar siriyal a kan katakon da ke gindin wuya, ana hangowa ta ramin fuska. Leƙa ciki da tocilan ɗin waya da ƙaramin madubi: aikin cikin Martin tsaf yake, babu gam da ya zuba. A bakin ramin, katako zalla yana nuna jijiyoyinsa suna gangarowa ta kaurin allon, falle-falle kuwa yana nuna hawa-hawa.  D-28 da aka yi wa kuɗin FG800 uku ko huɗu, ko jabu ce ko tana da ciwon da ba a faɗa ba. Kada a tura kuɗi ta MoMo kafin a riƙe jita a hannu. Idan an haɗo da amfilifaya daga Amurka, a duba bayanta: yawanci ta bolt 120 ce, wutarmu 230 ce, sai da taransifoma mai ragewa.

Akwai kuma tambayar ko diretnot ɗin ma ita kake bukata. Mai son salon yatsa biyu, babban yatsa da manuni, irin wanda Agya Koo Nimo ya shahara da shi a garin nan a kan jita mai tsirkiyar nailan, Yamaha C40 za ta fi kai shi kusa da wannan sautin, da wuyanta mai faɗin milimita 52 da ja mai sauƙi wajen kilo 40. Sai dai kada a taɓa ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe, za ta tumɓuke jaki. Mai ƙaramin jiki ko mai yawan kaɗawa a zaune ya gwada FS800, ƙanwar FG800 mai siririn ƙugu da tsawon milimita 634.

Tsakanin FG800 da D-28 akwai fili mai faɗi da ake tsallakewa. Jita mai fuska zalla da baya falle-falle daga manyan kamfanoni, irin Taylor GS Mini, tana ba da kaso mai kyau na daɗin sautin ba tare da dukan fargabar ba. Wasu itatuwan da ke cikin jita masu tsada ma na yankinmu ne: safele, da mahogani na Afirka, da obankol wanda masu katako a nan ke kira hyedua.

Hukuncinmu a kan FG800: ga wanda zai fara, ko mai ɗaki ɗaya da yara ke shiga da fita, ko wanda jitarsa za ta riƙa yawo, ita ce sayen da ya fi dacewa, da sharaɗin a ware kuɗin saiti da akwati tun ranar saye. Hukuncinmu a kan D-28: idan kuɗin naka ne, babu bashi, kuɗin makarantar yara da na haya sun fita, kana da akwati da ma'auni da haƙurin dubawa, kuma ka san wanda zai gyara, to ka saya ko da kodi uku ka iya, kada maganar majalisa ta hana ka. Jitar da ke jan mutum ya ɗauke ta kullum bayan isha'i ita ce ke koya masa. Abu ɗaya kawai muke roƙo ga wanda bai wuce wata shida da farawa ba: ya ɗan jinkirta, domin hannunsa bai gaya masa faɗin wuyan da yake so ba tukuna. D-28 ta yanzu faɗinta a wajen kai milimita 44.5 ne, waɗanda aka yi kafin 2017 kusan 43, kuma wannan milimita ɗaya da rabi yatsu suna jinsa sosai. Ka je da wanda ya iya, ya kaɗa maka kana tsaye taku uku a gabansa, sannan ka karɓa ka zauna da ita aƙalla minti ashirin kafin a fara maganar kuɗi.